Sun Gano Mai Fitila

Ku da kuke biye da ni tun farko, sannunku da haƙuri. Ku kuma da yau kuka fara leƙowa, ku matso in ɗan taƙaita muku, don abin da ya same ni ba zai shiga kai ba sai an san inda aka faro.

Ni ce auta a gidanmu. Ina aiki a wani shagon tabarau da ke bakin babban titi. Ni nake auna tazarar idon mutum, in taya shi zaɓen firam ɗin da za a sa wa gilashi, in ɗumama hannun tabarau in lanƙwasa shi har ya zauna daidai a bayan kunne. In na tashi aiki kuma sai in koma ɗaki in kunna kwamfuta in shiga wasa. Mama tana kiran abin "danne-dannen Auta". A cikin wasan sunana Tsattsewa, kuma ban taɓa buɗe murya ba ko sau ɗaya. Abokan wasana duk sun ɗauka namiji ne ni, na kuma bar su a haka, don na ga irin cin mutuncin da ake yi wa duk macen da ta kuskura ta yi magana.

A can na haɗu da mai neman aurena. Malamin jami'a ne, aikinsa nazarin yadda mutane suke zama da juna. Abokan aikinsa suna tafiya garuruwa masu nisa su zauna da jama'a, shi kuwa sai ya tare a cikin wasa. Ya ce wasa ma gari ne: akwai manya, akwai 'yan gulma, akwai yadda ake gaisawa, akwai wanda in ya shigo kowa yake kama bakinsa. Ranar da wani ɗan ƙungiyarmu ya rasu, muka taru a kan wata gada ta cikin wasan muka tsaya shiru babu mai harbi babu mai gudu, shi yana gefe yana kallonmu. Bayan nan ya nemi in ba shi lokaci ya yi min tambayoyi, ya kuma yi alkawarin ba zai taɓa faɗin ko ni wace ce ba. Tambaya ta haifi tambaya, har na ajiye lambarsa da sunan Mai Tambaya. Sauran labarin kun san shi. Yanzu ya zo ya gaida su Mama, Abba kuma ya ce manyansa su zo ƙarshen wata.

Wata rana ya taɓa ce min, "In kin buɗe wasa, kina ganin mai kama da ke?"

Dariya na yi. Na ce a wurin zaɓen jiki za ka ga launin fata iri-iri na masu haske, namu kuwa guda ɗaya, shi ma kamar an shafa toka. Gashi kala-kala har da kore, amma babu ɗankwali ko na rantsuwa. In ma ka ga mace irina, to a bakin kasuwa take tana sayar wa jarumi maganin ciwo, ka danna ta ta maimaita magana ɗaya har abada.

Shi ya haɗa ni da wani ƙaramin kamfani da ke ƙera sabon wasa. Jarumarsu mace ce baƙa mai lulluɓi, ana ce mata Mai Fitila, tana fitar da mutane daga birnin da ruwa ya cinye. Da farko shawara kawai nake ba su, yadda ake ɗaura mayafi ya zauna ko ana gudu. Daga baya suka roƙi su ɗauki hoton fuskata da 'yar muryata, suka ce abin farawa ne kawai, za su canja kamanni. Yayata ce ta raka ni. Mama ta san an ɗauki hoto "na wani aiki". Abba bai san komai ba.

To, ba su canja ba.

Ranar da suka saki tallan wasan na ga kaina tsaye a kan kwale-kwale riƙe da fitila. Wushiryata, tabon da ke gefen girata ta hagu, har yadda nake karkata kai in ina sauraro. Ta buɗe baki da muryata ta ce, "Ku biyo haske, na san hanya." Ba zan ɓoye muku ba, kuka na yi na murna. 'Yan mata daga wurare da ban taɓa ji ba suna rubuta cewa yau sun ga kansu. Wata ta sa hoton ƙanwarta ta ɗaura zanen gado a ka tana riƙe da tocila.

Murnar ba ta kwana biyu ba. Wasu maza suka taso, wai an ɓata musu wasa, wai an cusa musu abin da ba su nema ba. Daga zagin jarumar suka koma neman mai fuskar. Da suka gano Mai Tambaya ne ya haɗa kamfanin da mai fuskar, suka tono wata lacca da ya taɓa gabatarwa aka sa a intanet, inda ya ce, "Ɗaya daga cikin waɗanda na zanta da su mace ce mai gyaran tabarau, tana wasa da sunan tsuntsu." Bai faɗi sunana ba. Amma bai bar musu aiki mai yawa ba.

Yau da safe ina gaban madubi ina ɗaura ɗankwalina ruwan toka, wayar tana kan gado tana ta ƙugi kamar an sa ƙudan zuma a kwalba. Na riga na sa doguwar rigata mai ruwan ƙasa, farar rigar aiki tana ninke a jaka. Na ce ba zan duba ba. Na duba.

Shugaban ƙungiyarmu ta wasa, mutumin da muka daɗe muna kare bayan juna, ya rubuto: "Ashe mace ce ke. Duk tsawon nan kina mana dariya." Wani da ban sani ba ya ce: "Shagunan tabarau ba su da yawa. Muna bi ɗaya bayan ɗaya." Ƙarƙashinsa an sa alamar fitila da alamar ido.

Na zauna a bakin gado.

"Auta, shayinki zai huce," in ji Mama daga falo.

Na fito na same ta tsaye a kan kujera tana cire labule, Goggo, yayar Abba, tana ƙasa tana karɓa. Tun da aka sa ranar zuwan baƙin nan Goggo ta tare a gidanmu, ta mayar da kanta shugabar kwamitin gyara.

"Telan ta ce ki biya a gwada rigar," Mama ta ce ba tare da ta juyo ba. "Mai ruwan zuma ɗin. Kada ki ce kin manta."

"To, Mama."

Goggo ta dube ni sama da ƙasa. "Ji idonta kamar an jiƙa barkono. Wannan wasan ne. Ni dai na faɗa, a tattara na'urar nan a kai ɗakin ajiya kafin mutanen nan su zo. Wace uwar miji ce za ta ji surukarta tana yini tana harbin aljanu ta yi murna?"

"Ai shi ma a can ya gan ta, Goggo," in ji Yaya tana shafa wa burodi bota.

"Shi namiji ne, kuma biyansa ake yi."

Da wata rana ce da na yi dariya. Yaya ta kalle ni, ta ga ban taɓa kofin ba, ta ɗaga gira. Na girgiza mata kai. A raina ina cewa, Goggo, da kin san aljanun sun fito daga na'urar suna bin shaguna, da labulen nan kin mayar da shi kin ƙara wani a kai.

Ban taɓa lura da yadda shagonmu yake tsirara ba sai yau. Gabansa duk gilashi ne daga sama har ƙasa, ciki kuma madubi ta ko'ina, duk inda na juya fuskata ce. Na sa takunkumin hanci na ce wa uwar ɗakina mura nake yi. Ita likitar ido ce, tana ɗakin gwaji a ciki, ni ce a gaba ni kaɗai. Duk wanda ya rage tafiya a bakin titi sai gabana ya faɗi. Wata tsohuwa ta kawo tabaranta da jikanta ya zauna a kai, na ɗauki ɗan ƙaramin sukundireba, kusar ta suɓuce min ta faɗi, na ɗauko ta sake faɗuwa.

Wajen hantsi ya shigo. Ba wani abin tsoro a jikinsa, shi ya fi tayar min da hankali yanzu in na tuna. Matashi ne mai tsabta, riga shuɗiya mai aljihu a ƙirji, kan waya ya ɗan leƙo daga aljihun. Ya yi sallama da ladabi, ya ce tabaransa yana zamowa kan hanci.

Wannan aiki ba a yin sa daga nesa. Dole ki matso, ki sa wa mutum tabarau da hannuwanki biyu, ki leƙa bayan kunnensa, ki kalli tsakiyar idonsa. Na ɗumama hannun tabaran na lanƙwasa, na dawo na tsaya a gabansa har ina jin ƙamshin sabulunsa.

"Ba na jin abin da kike faɗa," ya ce. "Ɗan sauke wannan abin."

Na ce a raina kada ki zama mai zargin kowa. Na ja takunkumin ƙasa na ce, "Ya zauna yanzu?"

Bai kalli madubi ba. Girata ta hagu yake kallo. Sai ya yi murmushi, ya rage murya yadda ko tsohuwar da ke zaune ba za ta ji ba, ya ce, "Ku biyo haske, na san hanya."

'Yan uwa, ban san jini yana iya tsayawa a jiki ba sai lokacin. Hannuwana suna nan a gefen fuskarsa, na kasa sauke su. Shi ya ja da baya da kansa, ya gyara tabaran da ɗan yatsa, ya ce, "Kin iya aiki, Tsattsewa." Ya fita a hankali, har da riƙe wa wata mata ƙofa.

Ban san yadda na kai ɗakin baya ba. Na tsinci kaina a tsugune tsakanin kwalayen gilasai, zufa ta jiƙa min ɗankwali. Wayar ta yi ƙara. Hotona ne, an ɗauka daga ƙasa, daga tsayin aljihun riga, takunkumi a haɓata, bakina a buɗe. An rubuta: "Na same ta." Kafin in ɗauke ido wani ya tambaya a ƙasa ƙarfe nawa shagon yake rufewa. Wani ya ce a bi ta a ga gida.

Na kira Mai Tambaya. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Sun zo," na ce. "Ɗaya ya shigo har ciki. Na taɓa fuskarsa da hannuna."

"Kina ina yanzu? Akwai mutane kusa da ke?"

"Kai ka ce musu ina gyaran tabarau."

"Na faɗa. Na ɗauka na ɓoye ki sosai. Ki saurare ni, irin waɗannan mutanen suna ganin wasan kamar gidansu ne, in suka ga baƙuwar fuska a ƙofa sai su ji kamar an ƙwace musu. Yawancinsu a baki suke tsayawa, ba sa..."

"Kada ka yi min lacca. Ba a aji nake ba, a ƙasa nake tsakanin kwalaye."

"Ki yi haƙuri. Ga ni nan zuwa."

"Kada ka zo nan. Ka bari sai na kira ka."

Uwar ɗakina ta same ni a haka. Mace ce mai kaifin baki, amma yau ba ta yi min faɗa ba. Ta ji bayanina, ta je ta juya makullin ƙofar gaba, ta buɗe na'urar kyamarar shagon ta mayar da hoton baya har ta kamo fuskarsa sarai, ta tura min a waya. Sannan ta cire mayafinta babba ta yafa min, ta fitar da ni ta ƙofar baya, ta sa ni a motarta. Duk hanya ina leƙen madubin gefe. Wani mai babur ya biyo mu har muka sha kwana sau biyu, na riƙe hannun ƙofa kamar zan ɓalle shi, sai a kwana ta uku ya miƙe abinsa.

"Ki gaya wa mahaifinki yau," ta ce da ta tsaya a ƙofar gidanmu. "In ba ki faɗa ba ni zan shigo in faɗa."

Abba tsohon ma'aikacin gidan ruwa ne, mutum mai ƙarancin magana. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, shi ya sa duk gidan muka fi tsoron shirunsa. Na same shi a falo bayan azahar, ya miƙe ƙafa yana sauraron rediyo, tagogi tsirara babu labule, rana ta cika ɗakin. Na durƙusa a gefen kujerarsa na faɗa masa komai, tun daga hoton har mutumin mai shuɗiyar riga. Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya. Goggo ta fara salati tana tafa hannu.

"Ban faɗa ba? Yanzu fuskar 'yarka tana hannun kowane ɗan iska a duniya, ga baƙi ƙarshen wata. Da wane ido..."

Abba ya dubi Goggo ya ce, "Yaya, bari."

Ya kashe rediyon. Ya miƙo hannu. "Nuna min ita."

Na kunna masa tallan. Ya sa tabaransa, ya riƙe wayar nesa da fuska yadda tsofaffi suke yi. Ya kalli Mai Fitila tana jawo wani tsoho daga ruwa, tana ɗora yara a kwale-kwale. Da ya ƙare ya ce in sake kunnawa. Ya sa ɗan yatsa a kan girarta.

"Wannan bakin teburin ɗakin nan ne," ya ce. "Ni na ɗauke ki a kafaɗa zuwa asibiti." Ya miƙo min wayar. "Aikin kirki take yi, yarinyar. Ba ita ce ta dame ni ba. Kira min malamin."

Kafin ya iso Yaya ta mayar da tsofaffin labulen da sauri, ko ƙugiyoyin ba ta gama sawa ba. Mama ta sa sakata a ƙofar tsakar gida. Ni ko rigar aiki ban cire ba.

Ya zo da la'asar, cikin farar riga da ta yamutse a baya, da alama daga aji ya taho. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa kan darduma. Abba bai ce in fita ba, don haka na rakuɓe a bakin ƙofar ɗakinmu. Mai Tambaya ya ba da haƙuri, bai kare kansa ba. Ya ce zai sa a sauke laccar, zai yi wa kamfanin magana, zai raka mu wurin 'yan sanda.

"Madalla," in ji Abba. "Auta, nuna masa mutumin."

Na miƙa masa wayar. Ina kallon fuskarsa lokacin da hoton ya buɗe, don haka babu wanda zai ce min ban gani ba. Leɓensa ya motsa. Ya matso da hoton, ya mayar, ya ajiye wayar a kan darduma a hankali kamar mai zafi.

"Ka san shi," Abba ya ce. Ba tambaya ba ce.

"Na san shi, Abba."

Mama ta dafe ƙirji.

"Nazarin nawa ba a kan su Auta kaɗai ba ne," ya ce, idonsa a ƙasa. "Har da masu ƙin ganin irinta a wasa. Ina so in gane me yake cin su. Na daɗe ina zama da wasunsu, shi wannan har gidansu na je. Na san mahaifiyarsa. Ban taɓa zaton zai..."

"Kana shan shayi da shi," na ji bakina yana faɗa, "kana fitowa ka kira ni ka ce ka yi kewata?"



"To abin ya zo da sauƙi," in ji Abba. "Ba ni sunansa da unguwarsu. Yanzu za mu tafi da shi wurin hukuma."

"Abba, na yi masa alkawari. Duk wanda ya zauna da ni sai na yi masa, cewa sunansa ba zai fita daga bakina ba. Irin wanda na yi mata ne. In na karya, babu wanda zai sake buɗe wa mai irin aikina ƙofa, kuma su sauran za su san ta dalilinta ne. Ina tsoron abin da za su yi. Ku ba ni zuwa gobe in same shi da kaina."

"Nata alkawarin ai ka riga ka yi masa ƙofa," Abba ya ce, muryarsa ba ta canja ba. "Na wanda ya bi ta har wurin aiki ne kake lallaɓawa."

Ya tashi, ya je ya zare sakatar da kansa, ya buɗe ƙofar ya tsaya a gefe.

"Ba zan tilasta ka ba, malam. Amma in ka fita da sunan nan a cikinka, ka gaya wa manyanka kada su wahalar da kansu."

Mai Tambaya ya ɗago ya kalle ni, idonsa ya yi ja. Na so in ce masa faɗi mana, kalma biyu ce. Na so kuma in ce kada ka faɗa, don na san mutanen nan, na san yadda suke taruwa a kan mutum ɗaya. Ya miƙe, ya sa takalminsa, ya ce, "Ku gafarce ni," ya fita.

Yanzu ina zaune a ƙasan tagar ɗakinmu ina rubuta muku wannan, na ɗan ɗaga gefen labule da yatsa ɗaya. Rana ta kusa faɗuwa. Motarsa tana nan a ƙofar gida, yana ciki, ya kifa goshi a kan sitiyari. Bai tayar da ita ba, bai kuma fito ba.